Wa ya taɓa shiga jirgi ɗaya da jami'an nan masu bindiga?

Mai Yawon Duniya: Salam jama'a. Don Allah duk wanda ya taɓa cin karo da jami'an farin kayan nan da ake sakawa cikin fasinjoji saboda masu fashin jirgi ya ba mu labari. Ni dai ana gab da shiga jirgi aka kira ni wai an canza min kujera, ta bakin hanya ce can gaba, aka maida ni baya ba wani bayani, da na zo wucewa sai ga wani a kanta ya riga kowa shiga. Tafiyar dare ce doguwa amma bawan Allahn nan ko runtsawa bai yi ba, duk wanda ya miƙe zuwa banɗaki sai ya bi shi da ido.

Tsohuwar Ma'aikaciyar Jirgi: Malam, zai iya yiwuwa shi ne. Mu ma'aikata mun san su, kyaftin ma ana sanar da shi kafin a tashi tunda ba a shiga mai jirgi da makami bai sani ba. Abin da ya fi ba ni mamaki farkon aikina, wani fasinja ya sha ya bugu yana ta zage-zage har da ture ni, ina ganin jami'in a zaune ko motsi bai yi ba, raina ya ɓaci sosai. Daga baya aka fahimtar da ni ai da gangan wasu ke tada rigima don a gane waye mai bindigar. Aikinsa ƙofar matuƙa ce, mashayi namu ne.

Baban Yara: Ni jirgin El Al na Isra'ila na taɓa shiga, su kowane jirginsu akwai jami'i tun bayan da aka karkatar da ɗaya zuwa Aljeriya a 1968. A 1970 ma da Bafalasɗiniya Leila Khaled da abokin tafiyarta suka yi yunƙurin fashin jirginsu da ya taso daga Amsterdam, matuƙin ne ya sulmiyo da jirgin ƙasa suka zube, jami'in ya harbe namijin, aka sauka a Landan. Amma gaskiya tambayoyin da aka min tun a filin jirgi su suka fi kwantar min da hankali, ba bindigar ba.

Injiniya: Haka ne Baba. Ranar harin 11 ga Satumba 2001 duk Amurka jami'an nan 33 kacal take da su, bayan nan aka ɗebi dubbai, kuma duk da haka ba kowane jirgi ake sa su ba, jiragen sun yi yawa. Indiya ma sai da 'yan fashi suka kai jirginta Kandahar ta Afganistan a 1999 ta tashi tsaye. Ni a aikina abin da na ga ya canza da idona ƙofar ɗakin matuƙa ce, yanzu harsashi ba ya huda ta kuma daga ciki ake kulle ta.

Yayar Marar Lafiya: Ni tsoron jami'an nake wallahi. Ƙanena yana da lalurar ƙwaƙwalwa, muna cikin jirgi abin ya motsa ya miƙe yana ihu a buɗe mai ya fita, ni kuwa abin da ya faru a Miami ta Amurka a 2005 kawai ke faɗo min, da suka harbe wani mai irin lalurar a mashigar jirgi suka ce ya ambaci bam, aka duba ba komai a jakarsa. Haka na rungume shi ina kuka ina cewa ba shi da lafiya ne, ba shi da lafiya ne.

Tsohuwar Ma'aikaciyar Jirgi: Allah ya ba shi lafiya 'yar'uwa. Nan gaba tun a bakin ƙofa ki ja babbar ma'aikaciya gefe ki faɗa mata, takardar likita da maganinsa su kasance a jakar hannunki, ki sa shi ta taga ke ki zauna ta bakin hanya. In akwai jami'i a jirgin, ta san yadda za ta isar mai da maganar.