Yaya zan koya wa yara bishara da kayan gida?

Malamar Lahadi, Katsina:
Salama a gare ku, 'yan'uwa. An ba ni ajin yara 'yan shekara 6 zuwa 10 a makarantar Lahadi, kuma na lura suna haddace aya da sauri, amma da zarar na tambayi ma'anarta sai su yi tsit. Waɗanne kayan gida zan riƙa kaiwa aji domin maganar ta zauna musu?

Dattijon ikilisiya, Malumfashi:
Malama, ki fara da misalin mai shuka da ke Markus sura 4. Ki samo gwangwani huɗu, ki zuba ƙasar fako a ɗaya, tsakuwa da 'yar ƙasa kaɗan a na biyu, ƙasa mai ciyawa a na uku, ƙasa mai taki a na huɗu, sannan yaran su shuka gero da hannunsu, su riƙa dubawa kowace Lahadi. Yaron da yake bin mahaifinsa gona ya san yadda ciyawa take shaƙe shuka idan noma ya makara, saboda haka shi ma zai taya ki bayani.

Uwar zumunta, Funtuwa:
'Yar'uwa, mu wake muke dafawa kashi biyu, ɗaya babu gishiri, su ɗanɗana kafin a karanta Matiyu 5:13, inda aka ce masu bi su ne gishirin duniya. A kan ayar da ta ce ba a kunna fitila a rufe ta da masaki kuwa, ki kife masaki a kan tocila. Kada ki kunna wuta a tsakiyar yara.

Fasto, Daura:
Shawarwarin nan suna da kyau, sai dai ina jan hankalinki, Malama, cewa yaro yakan tuna waken ya manta da ayar, don haka a buɗe Littafi Mai Tsarki a gabansu kafin a fito da kayan, a kuma sake karantawa bayan an gama. Gishiri da fitila suna magana ne a kan zaman mai bi, alhali zuciyar bishara ita ce mutuwar Yesu Almasihu da tashinsa. Ga wannan, ki riƙe Yahaya 12:24, inda ƙwayar alkama take faɗuwa ƙasa ta mutu kafin ta ba da 'ya'ya masu yawa. Wasu sukan kwatanta Triniti, wato Allah ɗaya cikin Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, da ƙwai, amma ni ban yarda da hakan ba, domin gwaiduwa ita kaɗai ba cikakken ƙwai ba ce.

Malamar Lahadi, Katsina:
Na gode, Baba Fasto. Zan fara da geron, sai in ƙara gwangwani na biyar domin alkama.