Irin da ya ƙi tsiro a gida: kowa ya faɗi yadda tasa ta kasance

Maman Khalifa, Kano
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na samo 'ya'yan kuka daga ƙauyenmu, na wanke garin jikinsu tas, na shuka a robobi a bayan ɗaki. Kullum ina ba su ruwa, amma shiru kake ji. Zogalen da na shuka rana ɗaya da su har ya kai tsawon hannu. Ina matuƙar son kukar nan ta tashi, don bishiyar da aka ɗebo su ta tsufa sosai. Wanda ya taɓa fama da iri mai taurin kai ya taimaka.

Baban Yusra, Katsina
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki zubar, da ransu. Ɓawon ƙwallon kuka ne mai tauri, ruwa ba ya ratsa shi, shi ya sa yake iya yin watanni a ƙasa bai motsa ba. A daji sau da yawa sai dabba ta haɗiye shi ta kasayar sannan ya tsiro. Ni abin da nake yi, in tafasa ruwa, in sauke, in zuba 'ya'yan a ciki su kwana har ruwan ya huce. Da safe za ki ga waɗanda suka sha ruwa sun kumbura, sun yi laushi. Su nake shukawa. Waɗanda suka ƙi kumbura sai in goga bayansu a kan siminti har farin ciki ya ɗan leƙo, in sake jiƙawa. A kiyaye gefen da yake da ɗan lotsawa, nan saiwa take fitowa. Haka nake yi wa tsamiya da ɗorawa ma.

Hajiya Mai Garka, Maraɗi
Gaskiya ne Malam. Mu nan a garka muke shibka kuka kusa da kusa, ba don ta zama itaciya ba, don ganye. Tana ƙarama muke tsinka, mu samu ɗanyen ganye ko da rani. Amma ƙanwata, rage ruwan nan na kullum. Kuka ba ta son ƙasa mai daɓaɓa, saiwarta ruɓewa take. Ki huda gindin robar, ki haɗa ƙasar da rairayi.

Abu Hanif, Dutse
Tawa matsalar dabino ce, kuma ba ta tsiro ba ce. Ƙwallon dabino in an jiƙa shi ana canza ruwa, aka binne a wuri mai ɗumi, cikin 'yan makonni zai fito da ganye ɗaya siriri. Abin da ba a gaya wa mutane shi ne dabino akwai namiji akwai mace, kuma daga ƙwallo ba ka da zaɓi. Kusan rabi maza suke fitowa, kuma sai ya yi fure bayan shekaru kake ganewa. Na rena guda a tsakar gida kamar ɗa, ranar da ya fitar da fure wani dattijo mai gonar dabino ya duba ya ce namiji ne. Na ji zafin abin ƙwarai. Ban sare shi ba, yanzu maƙwabta masu mata suna zuwa karɓar furensa su ɗaura a nasu. Mai son tabbas ya nemi 'ya'yan da ke fitowa a gindin macen da aka san daɗinta. Nan Dutse ma akwai reshen NIFOR, wato cibiyar binciken kwakwar manja ta Najeriya, da ke bincike a kan dabino.

Ummu Sadiq, Zariya
Ni rama na shuka a buhunan siminti jikin katanga, ita kam ba ta da wuya, kafin mako ta fito. Da ganyen ya fara rabuwa kamar yatsu sai ga maƙwabcina ya yi sallama da maigida, wai ya hango tabar wiwi a gidanmu. Hankalina ya tashi, don shuka wiwi babban laifi ne a dokar Najeriya, kuma hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da aka kafa a 1989 ba ta wasa da shi. Na tsinko ganye na ba shi ya tauna, tsamin ya gaya masa gaskiya. Ganyen rama haɗe yake a tsakiya, kararta tana da 'yan ƙayoyi, furenta babba ne mai ruwan ƙwai da ja a ciki. Ban ga laifinsa ba, yana da samari a gida kuma kowa ya san abin da ƙwaya ke yi a unguwanni.

Ɗan Zongo, Kumasi
Mu nan ruwa ne ya yi mana yawa. Attaruhu ya tsiro lafiya, sai in tashi in ga ƙananan sun kwanta, wuyansu ya tsuke ya yi baƙi daidai ƙasa. Da na mayar da su ƙarƙashin rumfa inda iska ke ratsawa, na daina ban ruwa da yamma, abin ya tsaya. Kashin kaji ɗanye kuma ƙona su yake, sai wanda ya ruɓe.

Malama Asabe, Jos
A duba shekarun irin ma. Na sayi irin albasa a wani shago, ko kashi ɗaya cikin huɗu bai fito ba, ashe tsoho ne, kuma irin albasa da wuya ya wuce shekara da ƙarfinsa. Yanzu kafin in shuka komai nakan ɗebi ƙwaya 10 in naɗe a tsumma mai danshi in gani. Idan bakwai ko takwas suka fasa, sai in ci gaba. Ku na Kano da Sakkwato, latas ba ya son tsiro in zafi ya haura digiri 30, ku bari sai hunturu. Attaruhu da tattasai kuma akasin haka, sanyi ke sa su nawa, sai a riƙa shigar da su ɗaki da daddare.