Ƙanwata da aka fasa aurenta tana neman wannan littafi, in nemo mata ko zai fama mata ciwo?

Ummu Hanan: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Ƙanwata ce aka fasa aurenta bayan an sa rana, tun daga nan ko tsakar gida ba ta fitowa sai dole. Turanci ta karanta a jami'a, kuma karatu ne kaɗai ke ɗebe mata kewa. Jiya ta roƙe ni in nemo mata littafin Elizabeth Smart, By Grand Central Station I Sat Down and Wept, wai wata malamarsu ta taɓa ambata musu shi. Da na bincika sai aka ce min daga farko har ƙarshe zancen zuci ne na macen da soyayya ta watsa. Waɗanda suka karanta shi da kansu nake tambaya: yana sanyaya zuciya ko fama ciwo yake? Ba wani littafin daban nake nema ba, wannan ta ambata. Kuma nawa ake sayar da shi?

Maman Sultan: Wa'alaikumus salam. Allah ya musanya mata da mafi alheri. Akwai wani littafin Hausa da muke karantawa yanzu, Naira 500 ne shiga, yarinyar ciki ita ma an fasa aurenta amma ta auri wanda ya fi shi. Shi za ki saya mata.

Ɗan Samaru: Hajiya, ta ce fa ba wani take nema ba. Ni na karanta shi a aji uku. Ɗan siriri ne, kashi goma, zama ɗaya ake gama shi in an jure. A 1945 ya fito a Landan. Marubuciyar 'yar Kanada ce, ta tsinci waƙoƙin wani Bature mai suna George Barker a shagon littattafai, ta kamu da son sa tun ba ta gan shi ba. Ita ta nemo kuɗin da aka ɗauko shi da matarsa daga Japan zuwa Kaliforniya a 1940, kuma littafin ya buɗe ne tana tsaye a tashar mota tana jiran isowarsu. Labari irin wanda muka saba, na wane ya ce wance ta ce, babu shi. Ko sunayen mutanen ba a faɗa ba. Tunani ne ke ta kwarara, yanzu tana murna, layi biyu gaba tana zagin kanta saboda tausayin matar. Ni a ganina ki ba ta. Naira 18,000 na ga ana sayar da sabo a Abuja.

'Yar Gwale: 18,000 kuma? A wurin masu littattafan gwanjo na sayi nawa 2,500, bangon ne kawai ya ɗan yage.

Ɗan Samaru: Yaushe kenan? Kafin dala ta tashi dai ko?

Anti Zuwaira: Ummu Hanan, don girman Allah kar ki ba ta yanzu. Ni abin ya same ni, ba labari na ji ba. Shekaru muka yi da mutumin, gidanmu babu wanda bai san shi ba, Mama har tuwo take ajiye masa. An kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, Baba ya sayar da fili an yi kayan ɗaki. Saura kwanaki kaɗan sai ga kawunsa da wani dattijo, wai mahaifiyarsa ta ce 'yar ƙanwarta zai aura. Shi kuwa ko waya bai iya ɗauka ya faɗa min da bakinsa ba. A cikin wannan hali wata ƙawata ta kawo min littafin nan, da nufin alheri. Wallahi da na fara sai na ji kamar an buɗe ƙirjina an kwafe abin da ke ciki. Yadda tunani ke kai mutum ya dawo da shi wuri ɗaya cikin dare, kina tuna wata magana da ya faɗa, ki juya ta, ki sake juya ta, haka littafin yake. Matsalar ita ce ba ya fitar da ke. Mai ba da labarin ba ta taɓa cewa ya isa haka ba, ƙawata wahalar take yi da kalmomi masu daɗi har ki fara ganin zaman kuka ma wani abin alfahari ne. Na daina cin abinci, na koma karanta tsofaffin saƙonninsa. Sai da Yayana ya ƙwace wayar da littafin duka. Ban kai ƙarshe ba kuma ba zan kai ba.

Ummu Hanan: Subhanallahi. Anti, Allah ya saka miki. Jikina ya yi sanyi.

Ɗan Samaru: Allah ya ba da haƙuri Anti. Amma tun da ba ki gama ba, ba ki ga yadda abin ya ƙare mata ba. Littafin bai yabi wannan hanya ba, ita kaɗai aka bari da ciki.

Anti Zuwaira: Malam, kai don jarrabawa ka karanta. An taɓa mayar maka da akwati?

'Yar Gwale: To ni na gama shi, kuma ni ma an taɓa yaudarata, sai dai ni ya taimake ni. Kowa a gida cewa yake ki yi haƙuri, ki manta, ba rabonki ba ne. Babu mai yarda cewa abin yana da zafi. Littafin ne kaɗai bai ce min in yi shiru ba. Wurin da ya fi tsaya min shi ne inda 'yan sanda suka tsare ta tare da masoyin nata a iyakar jihar Arizona ta Amurka, ana yi mata tambayoyi masu ƙasƙanci, ita kuma a zuci tana amsawa da baitocin Waƙar Sulemanu ta Baibul. Amma ki sani Ummu Hanan, mutumin mijin wata ne kuma ba aure tsakaninsu. 'Ya'ya huɗu ta haifa masa a rayuwa ta gaske, bai taɓa aurenta ba. Mahaifiyarta ma sayen littafin ta yi ta yi tana ƙonawa, ta kuma sa aka hana shigo da shi Kanada. Sai da aka sake buga shi a 1966 ya samu karɓuwa sosai.

Baban Ilham: Uwar nan ko Bakanuwa ce? 😂

Maman Sultan: Kun ji ko? Littafin da uwar mai shi ta ƙona shi za a kai wa yarinyar da ke cikin jarrabawa? Azkar da Alƙur'ani ya kamata ta riƙe.

'Yar Gwale: Hajiya ke da ko bangonsa ba ki gani ba. Kuma ai ba a ce ta bar azkar ba.

Sadiya Maraɗi: Ni a waya aka turo min, ban biya ko dala ba. Shafi kaɗan na yi na ajiye, Turancin ya yi min nauyi, waƙa ce kawai aka shimfiɗa. Amma Anti Zuwaira, akwatin da kika ambata, ku kuka mayar ko su suka aiko a karɓa?

Anti Zuwaira: Su suka aiko, da takarda a hannu suna ƙirgawa. Har turmin atamfa biyu da na riga na ɗinka sai da Baba ya biya kuɗinsu.

Baban Ilham: Wannan kuma zalunci ne. A mazhabar Malikiyya in namiji ne ya janye ba shi da ikon karɓar kyautar da ya bayar, sai in daga ɓangaren mace aka fasa.

Maman Sultan: Lefe ai ba kyauta ba ne Malam, kayan aure ne. In ba a yi auren ba dole ya koma.

Anti Zuwaira: To filin Baba fa, wa zai dawo da shi? Gado da kujeru muka sayar da asara, mai ɗinkin labule ma bai mayar da ko sisi ba.

Ummu Hanan: Mu ma shekaranjiya suka aiko wai har wayar da ya saya mata bara suna so. Baba ya ce a ba su, Yaya ya rantse ba za ta fita daga gidan ba. Baban Ilham, waya tana cikin lefe ne ko kyauta ce?