Wanda aka taɓa shiga wa gida a Bauchi ya zo ya faɗa mana yadda aka yi

Maman 'yan biyu, Fadamar Mada:
Salamu alaikum jama'a. Abin ne ya tsaya min a rai shi ya sa na kawo shi nan. Juma'ar da ta wuce maigida ya tafi masallaci da yara maza, ni kuma na leƙa gidan suna a bayan layinmu, wallahi ko awa biyu ban yi ba, na dawo na tarar da kwaɗo a ƙofa yadda na bar shi, sai da na shiga tsakar gida na ga sawun takalmi a jikin katanga ta wajen bayi, bokitin wanki a kife an taka shi an haura. Batirin sola biyu, tukunyar gas, har kan keken ɗinkina da nake rufa wa kaina asiri da shi. Ba ma kayan ne suka fi min ciwo ba, da yamma maƙwabciyata ta shigo jaje take ce min ai kwana uku tana ganin wasu samari biyu a kangon da ke kallon gidanmu, ta so ta yi magana tsoro ya hana ta. Kwana uku fa! Dan Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mana, kuma kai ƙara wajen 'yan sanda yana da amfani kuwa?

Mai shago a Wunti:
Allah ya mayar da alheri Maman 'yan biyu. Amma kar ki ga laifinta da yawa, tsoron nan gaskiya ne, duk wanda ya zauna a garin nan lokacin da 'yan sara-suka ke tashe ya san abin da ake gudu, ka kai rahoto da safe da daddare a ce wane ne ya tona. Mu a layinmu mun daina barin mutum ɗaya ya je, duk wanda ya ga abu mai unguwa yake samu, shi kuma ya ɗauki dattawa biyu su je wajen DPO da sunan unguwa baki ɗaya, ba a ambaton kowa.

Baban Yelwa:
Nawa da damina ne, watan Agusta, ana ruwan nan mai dukan kwano da ko kiran sallah ba ka ji. Ta silin suka shigo, sun ɗaga kwano ta saman kicin, mu muna ɗaki muna barci da duk ƙarafan da na kashe kuɗi na sa a tagogi. Wayoyi uku da kwamfutar ɗana. Da na je ofis abin da aka fara tambayata shi ne lambar IMEI, wato lambar shaidar da kowace waya ke da ita, ni ko kwalin wayoyin ban ajiye ba, nan na yi tsuru-tsuru. Don haka yanzu-yanzun nan kowa ya danna *#06# a wayarsa, IMEI ɗin ce za ta fito, lambobi 15 a jere, a rubuta a takarda a ajiye. Babur ma haka, lambar inji da ta bodi da rasit.

Anti Malama, Federal Low-cost:
Ni na kai ƙara kuma gaskiya ban ji daɗi ba, ba zan faɗi wane ofishi ba ne, na yi zarya sau huɗu ana ce min a kawo na mai, daga ƙarshe na bar wa Allah. Amma duk da haka ina cewa ki je, ki sa a rubuta a littafi. Ƙanwata an sace mata injin ruwa, bayan wata biyar aka kama yaran a wani laifin daban aka fito da kaya, wanda ya shigar da rahoto shi kaɗai aka kira ya zo ya duba nasa.

Maman 'yan biyu:
Anti to ko yanzu da aka kwana biyar za su karɓa?

Anti Malama:
Za su karɓa ƙanwata, ku je ke da maigidan, ki rubuta duk abin da aka ɗauka tun daga gida kar ki manta wani.

Ɗan sintiri, Gwallameji:
Shekara shida ina sintirin dare, kuma ina gaya muku da wuya baƙo ya san inda batir yake a gidanki. Ɓarawo na gida ne ko wanda na gida ya ba labari, yaron da ake aike, mai gyaran wuta da aka bari shi kaɗai, wani lokacin 'yan jari bola da ke leƙa gida da rana tsaka, ba duka ba, da yawansu neman halal suke. Ga kuma masu ɗora hoto a WhatsApp ana tasha "sai mun dawo daga Azare", kun sanar da gari gida ba kowa kenan. Lokutan da muka fi shan wahala su ne Juma'a, tahajjud a goman ƙarshe, da ranar hawan Sallah, sai kuma satin Layya saboda raguna. Mu mun raba usur gida-gida, ɗaya ya busa kowa ya busa ya kunna fitilar waje. In abin ya fi ƙarfinmu lambar gaggawa ta 112 muke kira, kyauta ce ko ba kati a waya, amma ku riƙe lambar ofishin yankinku ma don ta fi saurin shiga.

Alhaji na Jahun:
Ɗan sintiri ka yi magana. Abu ɗaya zan ƙara don na gani da idona, an taɓa yi wa wani yaro ihu a bakin layinmu da magariba, kafin in fito da carbi a hannu an fasa masa baki jini har riga, ashe gidan ƙanwar babarsa yake nema daga Alkaleri ya zo, ledar tsaraba na hannunsa. Mu da aka kashe mana mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo cikin Maris ɗin 2025 kan zargi kawai, bai kamata a same mu da irin wannan ba. In kun kama mutum ku riƙe shi ku kira hukuma.

Maman 'yan biyu:
Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Maigida ya ce gobe bayan azahar za mu je, yau da daddare kuma zai samu mai unguwa kan kangon nan, ko mai shi ya zo ya sa ƙofa ko a sare ciyawar. Maƙwabciyar tawa ma ta yarda za ta faɗa wa mai unguwa kamanninsu, ta ce ɗaya yana ɗingishi.