Tsutsa ta cinye ganyen oak ɗin gidanmu, me zan yi?

Maman Yara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna Charlotte, jihar North Carolina a Amurka. Gidan haya ne, mai gidan yana wata jiha, ba ya ɗaga waya, kuma a yarjejeniya kula da tsakar gida a wuyanmu yake. Tun farkon Afrilu wasu korayen tsutsotsi masu tafiya kamar suna auna taƙi suke saukowa da zare daga itacen oak, kashinsu ya rufe mota. A Maris na naɗa leda a gindin na shafa danƙon Tanglefoot, amma ganye ya zama raga. Itacen zai mutu?

Malam Gandu: Wa alaikumus salam. Hajiya, kin makara ne. Tsutsar wani malam-buɗe-littafin dare ce, Alsophila pometaria. Macen ba ta da fiffike, da ƙafa take hawa bishiya idan sanyi ya kama, daga ƙarshen Nuwamba, ta jera ƙwai kusan 100 a ƙananan rassa. Kafin Maris ƙwan na sama tuni. Bana ki jira ganye ya gama zuba. Daidai ƙirji ki fara naɗa auduga ta toshe tsagogin ɓawo, in ba haka ba ta ƙarƙashin leda za su bi. Sai leda, sai danƙo a kan ledar. Kada danƙo ya taɓa ɓawo, kada ki buga ƙusa.

Baban Gida: Ki fesa maganin Bt (maganin tsutsa da ake yi da wata ƙwayar bakteriya) da yamma, rana tana kashe ƙarfinsa. Amma gaskiya in maƙwabta ba su naɗa nasu ba wahalar banza ce, iska tana kwaso ƙananan tsutsotsin da zarensu. Kowa ya naɗe hannu yana jiran hukuma.

Malam Gandu: Bt sai suna ƙasa da rabin inci. Mako 4 zuwa 6 suke ci su shige ƙasa, waɗannan sun kusa gamawa. Lafiyayyen itace zai sake toho, a dai ba shi ruwa. Shekara 2 ko 3 a jere ne ke karya shi.

Anti Lambu: Malam, a ƙirga ƙafafun baya tukuna. Biyu-biyu sau uku, wadda ka faɗa ce. Sau biyu kuwa wata irin ce daban, Paleacrita vernata, ita wajen Fabrairu da Maris take hawa.

Maman Yara: To kun ji, ashe ban makara ba. Auduga kuma babu wanda ya faɗa min a shago. Ni dai ba zan iya taɓa su in ƙirga ƙafa ba. In cire ledar ne ko in bar ta?