In sabunta kwamfutar da na haɗa a 2018, ko in haɗa sabuwa gaba ɗaya?

Ɗan Koyo ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masana. Ina neman shawararku a kan kwamfutar tebur da na haɗa a shekarar 2018, wadda nake tace bidiyo da ita a lokacin aiki, in kuma yi wasa da ita idan na samu sarari. Kayan da ke cikinta su ne firosesa Ryzen 5 2600, madabod (babban allon da ake haɗa sauran kayan a kansa) mai B450, RAM (ƙwaƙwalwar aiki ta wucin gadi) nau'in DDR4 mai gigabait 8 sanda ɗaya tak, katin hoto GTX 1060 mai gigabait 6, faifan ajiya mai juyawa na terabait 1 wanda Windows 10 ke kansa, sai na'urar wuta mai wat 500.

Abin da ke damuna shi ne ta yi nauyi ƙwarai. Idan na kunna ta sai na jira sosai kafin ta amsa, manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve tana cijewa duk lokacin da na ja bidiyo gaba ko baya, sababbin wasanni kuma suna tsattsayawa ko da na rage ingancin hoto, musamman a wuraren da jama'a da gine-gine suka yi yawa a allo. Wani abokina ya ce in bar ta haka nan in koma AM5, wato sabon tsarin madabod da firosesa na kamfanin AMD, amma ƙarfina bai kai in sayi komai a lokaci guda ba. Da me ya kamata in fara? Kuma madabod ɗin zai karɓi sabon firosesa? Allah ya saka da alheri.

Mai Gyara ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka sayi ko da sukuru ɗaya, ka fara gano wurin da kwamfutar ke shaƙewa, domin nauyin da ka bayyana ba daga wuri ɗaya yake fitowa ba. Ka buɗe Task Manager, manhajar Windows mai nuna yawan aikin da kowane sashe ke yi, a lokacin da kake tace bidiyo, ka duba ko RAM ya cika, ka kuma duba ko faifan ajiya yana tsaye a kan kashi 100. A wajen wasa kuma ka sa manhajar MSI Afterburner ta riƙa nuna maka alƙaluma a gefen allo. Idan katin hoto yana aiki kusa da kashi 99 amma hotunan da ake samu a daƙiƙa ba su da yawa, katin ne ya kai iyakarsa. Idan kuwa katin yana ƙasa sosai alhali wasan yana tsattsayawa, to jiran firosesa ko RAM yake yi.

Ko ban ga alƙalumanka ba, abu biyu sun fito fili. Na farko shi ne faifan nan mai juyawa. Irinsa yana karanta kamar megabait 100 zuwa 200 a daƙiƙa, SSD (ma'ajiya marar faifai mai juyawa) da ake haɗawa ta ramin SATA yana kaiwa kusan 550, shi kuwa NVMe, wato SSD mai amfani da hanyar bayanai ta PCIe, a kan PCIe 3.0 wanda shi ne iyakar B450, yana iya kaiwa kusan 3,500. Kuma babban bambancin ma yana wajen ƙananan fayiloli da ke warwatse, inda dole allurar faifan ta yi ta kai da komo kafin ta tattaro su. Ka sa Windows da manhajojinka a kan NVMe, ka bar tsohon faifan ya zama ma'ajiyar ayyukan da ka gama. Ka leƙa littafin madabod ɗinka tukuna, domin a wasu, da zarar an sa NVMe sai wasu ramukan SATA su daina aiki, mutum ya ɗauka faifansa ne ya mutu.

Na biyu shi ne RAM sanda ɗaya. Firosesan Ryzen yana da hanyoyi biyu zuwa ga RAM, kai kuma ɗaya kawai kake amfani da ita, wato rabin faɗin hanyar ke nan. Shawarata ita ce ka sayi sanduna biyu masu gigabait 16 kowanne, waɗanda aka haɗo su a fakiti ɗaya, masu gudun 3200, maimakon ka ƙara wata sanda a kan tsohuwar. A yawancin madabod masu ramuka huɗu ana sa su ne a rami na biyu da na huɗu idan an ƙirga daga gefen firosesa. Bayan haka ka shiga BIOS, wato shafin saitunan madabod, ka kunna XMP, saitin da ke ba RAM cikakken gudunsa, wanda wasu kamfanoni ke kira DOCP, in ba haka ba RAM ɗin zai tsaya a ƙaramin gudunsa na asali. Ka sani cewa gudun da aka amince wa Ryzen 5 2600 a hukumance 2933 ne, saboda haka idan ta ƙi tashi a 3200, ka sauke shi zuwa 2933 har lokacin da za ka canza firosesa.

Game da tambayarka ta biyu, e, yawancin madabod masu B450 suna karɓar jerin Ryzen 5000 bayan an sabunta BIOS. Ka tabbatar da haka a jerin firosesocin da kamfanin madabod ɗinka ya wallafa. Ryzen 5 5600 yana da ƙwayoyi shida kamar naka, amma kowace ƙwaya ta fi taka ƙarfi nesa ba kusa ba. Tunda kana tace bidiyo, ni na fi karkata ga Ryzen 7 5700X mai ƙwayoyi takwas, wanda shi ma wat 65 ne, don haka ba zai wahalar da madabod ba. Sai dai ba ya zuwa da fankar sanyaya, dole ka tanadi taka.

Ranar canzawa, ka kiyaye tsarin nan. Ka sabunta BIOS alhali tsohon firosesa yana ciki, kuma kada wuta ta ɗauke a tsakiyar aikin. Idan BitLocker, makullin faifai na Windows, yana kunne, ka dakatar da shi kuma ka adana mabuɗin ceto a wani wuri daban, saboda TPM, sashen da ke adana mabuɗan tsaro, yana cikin firosesa ne, kuma idan aka canza shi Windows tana iya neman mabuɗin kafin ta buɗe maka faifanka. Sannan ka bar kwamfutar ta ɗan yi aiki ta yi ɗumi kafin ka kashe ka cire fanka, ka murɗa ta kaɗan hagu da dama kafin ka ɗaga. Man sanyaya da ke tsakanin fanka da firosesa ya daɗe ya bushe, kuma a AM4, wato tsarin madabod ɗinka, allurai suna jikin firosesan ne, don haka idan ka fizge kai tsaye yana iya biyo fankar ya fito, allurai su lanƙwashe.

Mai Tace Bidiyo ta rubuta:

Na yarda da Malam Mai Gyara a kan SSD da RAM, amma ina ganin katin hoto ya kamata ya zo kafin firosesa, saboda manhajar da mai tambaya ya ambata. DaVinci Resolve tana ɗora yawancin aikin gyaran launi da rage hayaniyar hoto a kan katin, kuma idan ƙwaƙwalwar katin ta cika, sai ta fito da saƙon cewa babu sauran wuri, aiki ya tsaya. GTX 1060 ya fito tun 2016, ba ya da DLSS, fasahar Nvidia mai ƙara saurin hoto a wasa, kuma akwai sababbin wasannin da ba sa tashi sam sai a katin da ke iya lissafin haske na zamani, wanda shi ba ya iyawa.

Abin da nake so ka lura da shi, ɗan'uwa, shi ne kada sunan kati ya ruɗe ka har ka manta da yawan ƙwaƙwalwarsa da hanyoyinsa. RTX 4060 da RX 6600 duk gigabait 8 ne, kuma hanyoyin PCIe takwas kawai suke amfani da su maimakon sha shida. A madabod mai PCIe 4.0 wannan ba wani abu ba ne, amma naka 3.0 ne, saboda haka hanyar za ta ragu da rabi. Ba za ka ji wannan ba muddin komai ya shiga cikin ƙwaƙwalwar katin, amma da zarar ta cika katin ya fara aron RAM ta wannan siririyar hanya, tsattsayawar da kake gudu za ta dawo. Shi ya sa ga mai tace bidiyo a kan B450 na fi son kati mai gigabait 12 da cikakkun hanyoyi sha shida, irin RTX 3060 mai gigabait 12 ko RX 6700 XT. Na ce mai gigabait 12 da gangan, domin akwai RTX 3060 mai gigabait 8 wanda bai kai shi ƙarfi ba.

Akwai abu ɗaya da RTX 4060 ya fi su da shi, wato yana iya fitar da bidiyo a AV1, wani sabon tsarin matse bidiyo, da kansa, kuma wat 115 kawai yake ci. Idan kana yaɗa wasa kai tsaye a intanet, wannan abin dubawa ne. Kuma idan ka sauya daga Nvidia zuwa AMD, ka goge tsohon direba, wato manhajar da ke tafiyar da katin, gaba ɗaya da manhajar DDU kafin ka sa sabo.

Abu Mai Wasa ya rubuta:

Malamai, ku yi mini afuwa, amma ina ganin abokin nasa bai faɗi abin banza ba. AM4 ya fara tun 2016, jerin 5000 kuma shi ne ƙarshen hanyarsa. Duk RAM ɗin DDR4 da ya saya yau ba zai bi shi zuwa AM5 ba, domin AM5 DDR5 kaɗai yake karɓa, kuma AMD ta ce za ta ci gaba da fitar masa da firosesoci har zuwa 2027 ko bayan haka. Idan zai sayi RAM da firosesa da fanka, madabod kaɗai ya rage ya zama sabon gini. Saboda haka ina ba shi shawara ya fara da kayan da za su iya ƙaura da shi, wato SSD da katin hoto da na'urar wuta, sannan ya zauna ya yi lissafin sauran da kyau.

Na'urar wutar ce ma ta fi damuna, kuma babu wanda ya taɓo ta. Ta yi shekaru tana aiki, kayan cikinta suna tsufa, kuma an yi ta ne tana ciyar da kati mai cin wat 120. RTX 3060 yana cin wat 170, Nvidia kuma ta ba da shawarar na'ura mai wat 550. RX 6700 XT yana cin 230, shawarar AMD kuma 650 ce. Alamar 80 Plus da ke jikin akwati tana nuna ƙarancin asarar wuta ne kawai, ba ta tabbatar da ingancin ƙira. Idan kuma sabuwar da zai saya mai cirarrun wayoyi ce, kada ya kuskura ya sa mata wayoyin wata na'urar ko da bakinsu ya shiga daidai, domin tsarin haɗinsu na ciki ya bambanta, kuma hakan yana iya ƙona faifai da kati a take.

Ɗan Koyo ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na auna kamar yadda Malam Mai Gyara ya ce. A wajen tace bidiyo RAM yana cika fal, faifan kuma yana maƙale a kashi 100. A wajen wasa katin yana kaiwa ƙarshe a fili, amma yana sauka idan na shiga cikin gari mai cunkoso, kuma a nan ne tsattsayawar ke tsananta. Zan fara da NVMe. Abin da ya rage mini shi ne RAM: in saya yanzu ko in jira kamar yadda Malam Abu ya nuna? Sannan idan zan sa Windows sabuwa a kan SSD, kwamfutar za ta karɓi Windows 11?

Mai Gyara ya rubuta:

Abin da ka gani ya nuna duka ɓangarorin suna da gaskiya a wurarensu: a fili katin ne ke gazawa, a cikin gari kuma firosesa da RAM ne. Hujjar Malam Abu tana da ƙarfi ga wanda zai iya haɗa sabon gini nan da 'yan watanni. Amma kai ka ce a hankali za ka riƙa saye, kuma gigabait 8 suna tauye maka aikin da kake yi kullum tun yanzu. Ga wanda yake wannan hali, ni ina ganin ka sayi RAM ɗin tare da SSD, sai na'urar wuta da kati su biyo baya a lokaci guda, firosesa ya zo a ƙarshe kamar yadda Malama ta tsara. Idan ka kai wannan matakin na ƙarshe, sai ka sake aunawa ka ga ko 5700X ya ishe ka ko lokacin ƙaura ya yi.

Game da Windows, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, don haka gara ka sa 11 kai tsaye. Ryzen 5 2600 yana cikin jerin da aka amince da su. Ka shiga BIOS ka kunna fTPM, wato TPM ɗin firosesa, ka kashe CSM, tsohon tsarin tashi, domin ta tashi a sabon tsarin UEFI, sannan ka kunna saitin tsaro na Secure Boot. Lokacin sakawa ka cire wayar tsohon faifan tukuna, domin idan yana haɗe, Windows tana iya ajiye fayilolin tashi a kansa, ta yadda ranar da ka cire shi kwamfutar za ta ƙi tashi. Idan ta gama ta tashi lafiya a kan NVMe, sai ka kashe, ka mayar da wayar, ka kwashe fayilolinka.