The Dropout: tonon asiri ne ko wankin Elizabeth Holmes?

An yi wannan hirar ce a 2022, kafin bikin ba da lambobin Emmy na shekarar.

Nasiru: Assalamu alaikum. Daren jiya na kammala The Dropout, kashi takwas ɗin duka, wasan kwaikwayo mai dogon zango wanda manhajar kallo ta Hulu ta saki a watan Maris na 2022. Ga wanda bai kalla ba, labarin Elizabeth Holmes ne, wadda ta kafa kamfanin Theranos a 2003 tana 'yar shekara 19, ta watsar da karatunta a Jami'ar Stanford, ta ce na'urarta za ta yi gwaje-gwaje sama da 200 da ɗigon jinin yatsa. A 2014 darajar kamfanin ta kai dala biliyan 9, alhali na'urar ba ta aiki. Maganata ɗaya ce: wasan nan bai cancanci lambar Emmy ba, wato lambar yabo ta shirye-shiryen talabijin a Amurka, ta ranar 12 ga Satumban 2022. Wanke matar ya yi. Na tashi daga kallo ina jin tausayinta, kuma raina ya ɓaci da hakan.

Auwalu: Wa alaikumus salam, Yaya Nasiru. Da girman kujerarka, ban yarda ba. Ka tuna inda Amanda Seyfried, wadda ta fito a matsayin Holmes, ta tsaya gaban madubi tana ta maimaita magana ɗaya, tana kaurara murya har ta daina kama da tata? Ni tsigar jikina ce ta tashi. A gabanmu ta ƙera fuskar da za ta yaudari mutane da ita. Ina wanki a nan?

Nasiru: Ƙanena, kafin a kai wurin madubin fa? An nuna mana ita ƙaramar yarinya, mahaifinta ya rasa aikinsa a kamfanin Enron, ta haɗu da Sunny Balwani a Beijin, mutumin da ya girme ta da shekara 19, wanda daga baya ya zama saurayinta kuma mataimakinta a kamfanin. Kafin ta yi ƙaryar farko an riga an saya mata zuciyarmu.

Malam Habu: Nasiru, ai a nan darajar wasan take. Da an kawo ta da ƙaho da jela, kowa zai ce shi ba za a taɓa cutarsa ba. Dubi waɗanda suka zauna a hukumar gudanarwar kamfanin: George Shultz da Henry Kissinger, dukansu tsofaffin sakatarorin harkokin wajen Amurka, ga kuma Janar James Mattis. Shultz ɗin nan, jikansa Tyler da ke aiki a kamfanin ya zo ya gaya masa cewa sakamakon gwajin ba daidai ba ne, dattijon ya ɗauki maganar bare ya bar ta jininsa. Idan mai kallo bai ji abin da ya ja su ba, ba zai taɓa gane yadda aka yi ba. Mu nan da muka ga masu digiri sun zuba kuɗin makarantar 'ya'yansu a MMM a 2016, bai kamata hakan ya ba mu mamaki ba.

Anti Rabi: Ku bari in sa baki, tunda sana'ata ake taɓawa. Shekara da shekaru ina ɗibar jini a ɗakin gwaji. Jinin yatsa yana da amfaninsa, da shi muke gwajin maleriya da na suga. Amma idan ka huda yatsa ka matsa don jini ya fito, ruwan tsoka yana gauraya da shi, jajayen ƙwayoyin jini suna fashewa, sinadarin potasiyom da ke cikinsu ya zubo. Sai ka ga sakamakon mai lafiya ya fito kamar na wanda zuciyarsa ke shirin tsayawa. Shi ya sa muke ɗaure dantse, mu laluba jijiya, mu cika kwalba. Ba mugunta ba ce.

To me Theranos ta yi? Na'urar tasu, Edison, gwajin da ta taɓa yi wa jama'a bai wuce iri 12 ba. Sauran, sai su sirka ɗan ɗigon jinin nan don ya yi yawa, su zuba a injinan Siemens da suka sayo, su ce aikin na'urarsu ne. Duk wanda ya taɓa riƙe kwalbar jini ya san abin da sirki yake yi wa lissafi. Kuma tun 2013 suke yin haka da jinin mutanen da suka shigo shagunan magani na Walgreens, galibi a jihar Arizona. A 2016 kamfanin da kansa ya soke sakamakon shekara biyu na Edison. Shekara biyu likitoci suna rubuta magani a kan takardar banza.

Wasan ya nuna sirkin, na yaba masa. Ya nuna Erika Cheung, ƙaramar ma'aikaciya, tana ganin ana goge alƙaluman da suka ƙi daidaita, tana tambaya ana danne ta. Wannan yarinyar na san halin da ta shiga, don duk mai aikin gwaji ya taɓa jin muryar da ke cewa "sa hannu kawai, mu wuce". Amma marasa lafiyar fa? Sai dai a hango su daga nesa. A nan na bi Nasiru.

Auwalu: Anti, an nuna masu cutar daji da aka ɗebi jininsu a Tennessee fa, da injiniyan da ya kasa haɗa ido da su. Ga kuma mutuwar Ian Gibbons, babban masanin kimiyyar kamfanin, da ya kashe kansa a 2013. Yadda Stephen Fry ya fito a matsayinsa, ni dai sai da na dakatar da kallon na ɗan lokaci.

Anti Rabi: An nuna, ɗana, amma minti nawa cikin kashi takwas? A kotu wata mata ta ba da shaida cewa gwajin Theranos ya nuna kamar cikinta ya zube, alhali jaririyar tana nan lafiya. Wata kuma aka ba ta sakamakon da ke nuna alamar cuta mai karya garkuwar jiki, ba ta da ita. Kowace ɗaya cikinsu ta isa a ba ta kashi guda.

Maman Ilham: Ni ban iya dogon bayani ba, amma wannan ya taɓa faruwa da ni. Ina da cikin Ilham wani ɗakin gwaji ya ba ni takarda cewa ina da ciwon hanta. Kwana tara na yi kafin a sake gwaji a wani wuri a ce babu komai. A kwana taran nan kofina daban, cokalina daban, ko yarana na fari na daina bari su sha ruwa a inda na sha. Nakan tashi cikin dare in zauna a kan sallaya in rasa ma abin da zan roƙa. Da na ga matar nan a wasan tana rawa a ofis, wallahi waɗannan kwanakin ne suka dawo mini. Ban tausaya mata ba ko na daƙiƙa ɗaya, Yaya Nasiru. Na tsane ta, kuma 'yar wasan ce ta sa na tsane ta haka.

Malam Habu: Allah Ya ƙara lafiya, Maman Ilham. Kin ga, Nasiru ya tausaya, ke kin tsana, fuska ɗaya kuka kalla. Don haka nake ganin kyautar jarumar mata ta Seyfried ce. Tana takara da Julia Garner da Lily James da Toni Collette da Sarah Paulson da Margaret Qualley, amma ban ga wadda ta ɗauki kaya mai nauyin nata ba. Kyautar wasan gaba ɗaya kuwa, da wuya. Wasan The White Lotus an ambace shi sau 20 a jerin 'yan takara, guguwarsa ce ke kaɗawa bana.

Nasiru: A kan ita 'yar wasan na sauko, Malam, ta yi aiki. A kan wasan ban sauko ba. In za a ba labarin zambar kamfani kyauta, a ba wasan Dopesick, shi ma yana cikin takarar. Kamfanin Purdue ya yi ƙarya cewa ƙwayarsa ta rage zogi, OxyContin, ba ta kama mutum sosai, kuma wasan ya zaunar da mu a gidan yarinyar da ke aikin haƙar kwal, muka ga yadda ƙwayar ta cinye ta a gaban iyayenta. Duk wanda ya ga abin da kodin ya yi wa 'ya'yan unguwarsu kafin a hana shi a 2018 ya san wannan gidan.

Auwalu: Amma Yaya, kashi na ƙarshe fa? Lauyar kamfanin ta bi ta har ƙofa tana gaya mata cewa ta cutar da mutane, ita kuwa tana ta zancen karenta da sabon saurayinta. Ta fita waje ta kurma ihu, mota na tsayawa ta gyara fuska ta yi murmushi. Masu wasan sun san da marasa lafiyar. Ita ce ba ta ganinsu, mu kuma ta idonta aka sa mu kallo.

Anti Rabi: Na ji wannan, kuma hujja ce mai ƙarfi. Sai dai ka duba abin da ya faru a kotu ranar 3 ga Janairun 2022. Tuhuma 11 aka yi mata, aka kama ta da huɗu, duka na cutar masu zuba jari ne, manyan attajirai. Waɗanda suka shafi marasa lafiya an wanke ta. Balwani ne a watan Yuli aka kama da duka tuhuma 12, har da na marasa lafiyar. Kotu ta riga ta kalli matar nan ta wajen kuɗi. Na so wasan ya tsaya a inda kotun ba ta tsaya ba, sai shi ma ya bi ta da kyamara ya bar su a ɗakin jira. A ba Seyfried lambarta, hannu bibbiyu. Ta wasan, ƙuri'ata tana wurin Dopesick.

Maman Ilham: Anti, tambaya ɗaya kafin ki tafi aiki. Idan sakamako ya tayar wa mutum da hankali, laifi ne ya ce a sake?

Anti Rabi: Ko kaɗan, ƙanwata. Ki koma wurin likitan da ya tura ki, ki ce a sake ɗibar sabon jini daga jijiya, in da hali a wani ɗakin gwajin daban. Kuma kafin ki tashi daga kujera, ki tabbata an rubuta sunanki a jikin kwalbar a gaban idonki.